Babur mai caji: Zai kai ka Buza daga Madawa ya kuma dawo da kai?

A watan Maris na 2025 ƙarancin man fetur ya addabi Jamhuriyar Nijar. Dogayen layukan motoci da babura sun mamaye gidajen mai a sassan ƙasar, farashin kwalba a bakin titi ya yi tashin gwauron zabi, 'yan kabu-kabu da dama suka ɓata lokacin aikinsu wajen neman abin da za su zuba a tanki.

Duk sanda irin haka ta faru, zancen babur mai amfani da lantarki yakan dawo bakin matasa. Bidiyon tallarsa na yawo a TikTok da Facebook da zaurukan WhatsApp, kuma kusan kowane da alƙawari iri ɗaya: ba mai, ba hayaƙi, ba ƙara, caji ɗaya ya kai ka kilomita 80 ko 100.

Ga ɗan ci-ranin da ke Abijan ko Libiya ko Legas, wanda ya daɗe yana tara kuɗin da zai saya wa ƙanensa abin sana'a a gida, wannan talla na da jan hankali. Amma gumin shekara guda ne a kan faifai, don haka tambayar da ta kamata a fara yi ita ce: kilomita nawa babur ɗin zai ci a hanyoyin Madawa, Buza da Keita, da fasinja a baya, a tsakiyar bazara?

Lissafi da kuma abin da aka gani a ƙasashen da suka riga mu hawa irin waɗannan babura na nuna amsa ɗaya. A cikin gari da gajerun tafiye-tafiye yana iya biyan buƙata, har ma da rangwame. A doguwar hanya mai burji da rairayi da hawan dutse kuwa, abin da zai ci yana iya sauka zuwa rabin abin da aka rubuta a kwali.

Abin da ya taso da zancen

Shekaru da dama garuruwan kan iyaka irin su Birnin Konni, Madawa da Bangi sun dogara ne da man Najeriya mai rahusa da ake shigowa da shi a jarkoki. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai. Litar da ake sayarwa ƙasa da naira 200 ta ninka fiye da sau biyu cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura naira 1,000 a wurare da yawa.

Da man sumoga ya daina araha, sai jama'a suka koma gidajen mai na hukuma. A watan Yulin 2024 gwamnatin Nijar ta rage farashin lita daga sefa 540 zuwa 499, abin da ya ƙara yawan masu saye. Matatar SORAZ ta Damagaram, wadda aka buɗe a 2011 da ƙarfin tace ganga 20,000 a rana, ta kasa ɗaukar wannan nauyi ita kaɗai. Daga nan ne layukan Maris suka samo asali.

A gundumomin Madawa, Buza da Keita babur ya wuce abin ado. Shi ke kai manomi gonar albasa a kwarin Tarka, shi ke kai ɗan kasuwa Tamaske ko Sabon Gida ranar kasuwa, shi ke ɗauko mai naƙuda daga ƙauye cikin dare zuwa gidan likita. Duk abin da zai gaji su Kasea da Haojue da Boxer a wannan yanki, dole ya iya waɗannan ayyuka.

Lambar kwali da lambar hanya

Indiya ce wurin da ya fi dacewa a duba, domin tana da zafi da ƙura kamar namu, kuma miliyoyin mutanenta a kan babur suke rayuwa.

A watan Agustan 2021 kamfanin Ola Electric ya ƙaddamar da babur ɗinsa S1 Pro, ya ce caji ɗaya na cin kilomita 181. Wannan lamba daga gwajin hukuma ta fito. Bayan ƙorafin masu saye ya yi yawa, kamfanin da kansa ya bayyana cewa a kan titi abin da za a sa rai shi ne kilomita 135. Abokin hamayyarsa Ather ya saba wallafa lambobi biyu tun farko: ɗaya daga cikin samfuran 450X na da kilomita 146 a takardar gwaji, amma 105 kamfanin ke cewa mai shi zai samu.

Ke nan ko a titin kwalta, da mutum ɗaya a kai, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ya riga ya tafi.

Dalili shi ne yadda ake gwajin. A ɗakin gwaji ake yin sa, babur na tsaye wuri ɗaya tayarsa na juyawa a kan na'ura. A tsarin gwajin Indiya gudu mafi yawa kilomita 42 ne a awa, matsakaicinsa kuma wajen 22. Ba iska mai tunkaro mahayi, ba rami, ba fasinja, ba buhu. Ƙananan baburan da ake shigowa da su daga Sin ba tare da sanannen suna ba, sau da yawa ma ba a faɗin yadda aka auna tasu lambar.

Yadda za ka yi lissafin da kanka

Batir shi ne tankin babur mai caji, kuma ana iya sanin girmansa ba tare da an tambayi mai sayarwa ba. A jikinsa akwai lambobi biyu: ɗaya da harafin V a gabanta, ɗaya da Ah. Ninka su, abin da ya fito shi ne yawan wutar da yake ɗauka, wadda ake rubutawa da Wh. Duk Wh 1,000 daidai yake da kilowat ɗaya da mitar NIGELEC ke ƙirgawa.

Ɗauki ƙaramin babur irin roba-roba mai batir 60V da 20Ah. Ya kama Wh 1,200. Irin wannan galibi batirin darma ne, guda biyar a jere, dangin wanda ke cikin mota. Batirin darma ba ya son a tatse shi ƙarƙaf, kuma in ana jan wuta da ƙarfi ba ya bayar da duk abin da aka rubuta. Abin da za a mora bai fi Wh 900 ba.

Ɗauki kuma babba mai batirin litiyam 72V da 40Ah. Ya kama Wh 2,880, wanda za a iya morar kimanin 2,600 daga ciki.

Saura a san abin da kowace kilomita ke ci. Alƙaluman Ola da Ather na sama, in aka raba girman batir da nisan gaske, suna ba da Wh 30 zuwa 35 a kilomita. Ƙaramin babur mara nauyi da ke tafiya a hankali na iya tsayawa a 25. Da fasinja da kaya lissafin kan hau 35 ga ƙaramin, 45 ga babban da ke gudu. A hanyar burji mai gargada da rairayi jefi-jefi, 50 zuwa 60 ba abin mamaki ba ne.

Sakamakon ke nan: ƙaramin zai ci kimanin kilomita 36 da mutum ɗaya a kwalta, 25 da fasinja, ƙasa da 20 a mummunar hanya. Babban zai ci wajen 75 da mutum ɗaya, 58 da fasinja da kaya, sama da 40 kaɗan a mummunar hanya. Wannan kuma lissafin sabon batir ne.

Tsakanin Madawa da Buza tafiyar kilomita 50 ce ko kusa da haka, daga Buza zuwa Keita ma ba ta gaza hakan ba. Ƙaramin babur ba zai kai ba. Babban zai kai da ɗan saura, amma ba zai juyo ba sai ya zauna a soket na awa uku zuwa huɗu, in an samu wuta. Babur mai tankin lita 10 zuwa 12 kuwa yana yin wannan zuwa da dawowa sau uku ko huɗu kafin ya nemi gidan mai.

Abubuwa huɗu da ke shanye batir a wannan yanki

Na farko gudu. Turjiyar iska ba ta ƙaruwa daidai da gudu, ninkawa take yi. In ka ninka gudunka sau biyu, ƙarfin da iska ke tura ka baya ya ninka sau huɗu. Daga kilomita 40 a awa zuwa 60 kaɗai, turjiyar ta haura ninki biyu. A babbar hanyar ƙasa ta ɗaya da ta ratsa Madawa zuwa Galmi da Konni, inda manyan motoci ke tilasta wa mai babur ya taka, a nan batir ke zuba kamar tulu mai huji. Iskar hunturu da ke kaɗowa daga arewa maso gabas ma haka take yi wa mai tunkarar ta. A kan babur mai caji, karin maganar nan ta tafiya sannu-sannu kwana nesa lissafi ce tsantsa.

Na biyu kaya. Yawancin ƙananan roba-roba masu caji an ƙera su ne don nauyin da bai wuce kilo 150 ba, har da mahayin. Babban buhun albasa shi kaɗai yakan haura kilo 100. Ko da babur ya ja, batir da birki da ƙafafun baya ne za su biya.

Na uku rairayi, kuma shi ne babban abokin gaba. Taya a kan rairayi mai laushi na fuskantar turjiyar da ta kai ninki goma na wadda take samu a kwalta. Kilomita ɗaya a cikin yashin ƙorama na iya cinye wutar kilomita uku ko huɗu na titi. Ƙananan tayoyin roba-roba, masu inci 10 ko 12, sun fi saurin nutsewa a kan tayoyi masu inci 17 ko 18 na baburan da aka saba da su. Cikinsa ma kusa yake da ƙasa, kuma a nan batir yake zaune, daidai inda dutse zai fara duka.

Na huɗu hawa. Ƙasar Adar tuddai ne masu duwatsu da kwaruruka a tsakaninsu, duk wanda ya bi hanyar Buza zuwa Keita ko ya gangara Ibohamane da Garhanga ya san haka. Wani abin da zai ba mutane mamaki shi ne hawan kansa ba ya cin wuta sosai. Ɗaga babur da mahaya masu jimlar kilo 200 zuwa tudu mai tsawon mita 100 na cin kimanin Wh 70, daidai da tafiyar kilomita biyu zuwa uku a shimfiɗe. Matsalar tana wajen injin. Galibin waɗannan babura injinsu na cikin cibiyar tayar baya ne, ba su da giya. In hawa ya yi tsauri taya na juyawa a hankali, wuta mai yawa na shiga, sai mafi yawanta ta koma zafi. Babur mai kyau yakan rage ƙarfi da kansa don ya kare injin. Mara kyau yakan ƙona wayoyinsa ko akwatin da ke sarrafa wutar.

A kan hawa ne kuma allon babur ke ruɗa mahayi. Layukan caji sukan faɗi farat ɗaya, su dawo in an sauko. Da batirin darma, allon da ke nuna rabi a shimfiɗe yana iya mutuwa a tsakiyar tudu na gaba.

Damina na da nata. Ƙoramun yankin kan cika cikin mintuna bayan ruwan sama, su datse hanya. Batirin da aka rubuta wa IP67 an gwada shi a cikin ruwa mai zurfin mita ɗaya na minti 30. Wanda ba shi da wannan shaida, ko wanda aka taɓa buɗewa aka gyara, bai kamata a tsunduma shi ba.

Zafin bazara da tsawon ran batir

A watannin Afrilu da Mayu zafin rana a jihar Tawa na haura digiri 40 kusan kullum. Zafi ba ya rage nisan tafiyar ranar sosai. Illarsa a ɓoye take, kwanan batir yake ci.

Masu ƙera batirin darma na auna shi ne a digiri 25, kuma ƙa'idar da suka sani ita ce duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan haka na raba tsawon ransa biyu. A yanayi mai kyau yana jure caji 300 zuwa 500. Mai yin caji kullum a zafin Madawa yana iya ganin nisan tafiyarsa ya fara ja baya tun shekara ba ta zagayo ba.

Litiyam ya fi juriya kuma ya fi sauƙin nauyi ƙwarai, amma shi ma iri-iri ne. Wanda ake rubuta wa LFP ko LiFePO4 yana kai caji 2,000 ko fiye, kuma ya fi wuyar kamawa da wuta. Wanda ake rubuta wa NMC ya fi ɗaukar wuta a ƙaramin jiki, amma ya fi jin zafi. Dukansu ba a so a yi musu caji in jikinsu ya haura digiri 45, wanda babur da aka ajiye a rana tsaka ko a shagon kwano zai kai cikin sauƙi.

Indiya ta ga illar sakaci da wannan. A watannin Maris da Afrilun 2022 babura masu caji na kamfanoni daban-daban sun yi ta kamawa da wuta, har da asarar rayuka. Okinawa ya janye babura 3,215 daga hannun masu saye don dubawa, Ola ya janye 1,441, gwamnati kuma ta tsaurara ƙa'idojin ƙera batir. Darasin ga mai babur a nan mai sauƙi ne: a bar shi ya huce bayan tafiya kafin a jona, a yi caji a inuwa mai iska, da cajar da ta zo da shi, kuma ba a ɗakin da yara ke kwana ba.

In batirin darma ya mutu ma akwai sauran aiki. A unguwar Thiaroye-sur-Mer ta birnin Dakar, yara 18 ne suka rasu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008 sakamakon gubar darma daga tsofaffin batura da ake fasawa a cikin gidaje. Mataccen batir wurin dillali ya kamata ya koma, kada ya kwana a tsakar gida.

Ina za a yi cajin?

Wannan tambaya ta fi ta nisan tafiya nauyi. Alƙaluman Bankin Duniya na nuna cewa kusan mutum ɗaya ne cikin biyar ke da wutar lantarki a Nijar, a karkara kuma abin ya fi haka ƙaranci nesa ba kusa ba.

Jihohin Tawa, Maraɗi da Damagaram na kan layi ɗaya ne, wanda babbar wayar da ta taso daga Katsina zuwa Gazawa ke ciyarwa, tare da tashoshin cikin gida. Ɗaya daga cikinsu ita ce tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7, wadda aka buɗe a watan Nuwamban 2018, maƙwabciyar Madawa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 Najeriya ta katse wutar da take bai wa Nijar, wadda a lokacin ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar ke amfani da shi, ba a maido ta ba sai a watan Maris na 2024. Wanda ya rayu a waɗannan watanni ya san cewa soket ma na iya bushewa kamar famfon gidan mai.

Wasu za su ce ai akwai janareta. Lissafi bai goyi bayan haka ba. Ƙaramin janareta da wuya ya ba da fiye da kilowat ɗaya da rabi zuwa biyu daga litar mai. Babur na buƙatar kimanin kilowat 5 daga soket don tafiyar kilomita 100 da kaya, in an haɗa da abin da ke ɓacewa a caja. Ke nan lita biyu da rabi zuwa sama da uku, daidai ko fiye da abin da babur mai fetur zai sha a tafiyar. An gudu ba a tsira ba.

Hasken rana shi ne arzikin da yankin ke da shi a yalwace. Farantin sola mai wat 300 na iya tara kilowat 1.3 zuwa 1.5 a yini in an share masa ƙura. Guda biyu sun isa cika babban batir a rana ɗaya. Sai dai lokacin da rana ke bayarwa shi ne lokacin da babur ke kan hanya. Mafita ita ce batir biyu, ɗaya na aiki ɗaya na shan rana, kuma batir shi ne ɓangare mafi tsada a jikin babur ɗin.

Manomin rani da ya riga ya kafa sola don famfon ban-ruwa shi ya fi kowa dacewa. Babur ɗinsa na yini ne a gona, kusa da farantan, kuma tafiyarsa sananniya ce: gida, gona, gida. Abin da yake buƙata shi ne ma'aikacin sola ya haɗa masa na'urar da za ta daidaita wutar da cajarsa.

Riba ko asara?

Babur mai fetur irin na kabu-kabu na shan lita biyu zuwa biyu da rabi a kilomita 100. A farashin sefa 499, kuɗin ya kama 1,000 zuwa 1,250, ban da baƙin mai da fulogi da sarƙa. Mai caji na buƙatar kilowat 5. Ko da an ƙaddara kowane kilowat a sefa 100, kuɗin 500 ne. A nan mai caji ya yi nasara a fili.

Sai dai akwai kuɗin da ba a gani kullum, wato na sabon batir. Hanyar auna shi ita ce a raba farashinsa da jimlar kilomitar da zai yi a rayuwarsa. A ce, don misali, jerin batirin darma ya kai jika 100, ya jure caji 300, kowane caji kilomita 30. Jimla kilomita 9,000, wato sama da sefa 1,100 a duk kilomita 100. In aka tara da kuɗin wuta, ya zarce na fetur. Batirin LFP ko da ya ninka wannan farashi sau huɗu, in ya jure caji 2,000 na kilomita 55, kuɗinsa bai kai sefa 400 a kilomita 100 ba. Araha ba ta ado: babur mafi sauƙin saye shi ne mafi tsadar riƙewa.

Gyara ma abin dubawa ne. Babur mai caji ba shi da kafireta, ba ya son baƙin mai, abubuwan da ke lalacewa a jikinsa kaɗan ne. Amma in akwatin sarrafa wuta ya ƙone, bakaniken da ya ƙware a Kasea ba lallai ya iya taɓa shi ba, kayan gyaran kuma sai an aika Kano ko Sakkwato ko Yamai. Bayan rufe iyakar Nijar da Benin a 2023, kayan da ke zuwa ta teku sun koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, abin da ya ƙara kwanaki da kuɗi.

Yadda wasu suka warware matsalar

Inda babur mai caji ya karɓu a wajen 'yan acaɓa a Afirka, ba jiran soket ake yi ba, musayar batir ake yi. Kamfanin Ampersand ya fara haka a Kigali a 2019. Spiro ya fara aiki a Benin da Togo a 2022, daga baya ya shiga wasu ƙasashe har da Najeriya. Mahayi na shiga tasha da batirin da ya ƙare, ya biya, ya fito da cikakke cikin 'yan mintuna. Batirin na kamfani ne, don haka tsufansa ba ya kan mahayi. Tsarin ya yi ƙarfin da gwamnatin Ruwanda ta daina yi wa sababbin baburan haya masu fetur rajista a Kigali daga Janairun 2025.

Waɗannan duka manyan birane ne masu tashoshi kusa da juna. Misalin da ya fi kama da namu shi ne na ƙauyen Gbamu-Gbamu a jihar Ogun, inda kamfanin MAX ya gwada baburansa a 2020 ta hanyar jingina su da ƙaramar tashar sola ta ƙauyen.

A 2024 wani babur ƙirar Roam Air na Kenya ya tashi daga Nairobi ya isa Stellenbosch a Afirka ta Kudu, tafiyar kilomita 6,000 cikin kwana 17, da wutar rana zalla. Amma motocin rakiya ne ke ɗauke da farantan sola suna cika masa batura. Nisa mafi tsawo da aka sanar ya yi da batir ɗaya a tafiyar shi ne kilomita 113. Ko a wannan bajinta, abin da ya kai shi ƙarshen hanya shi ne cikakken batir da ke jiran sa a gaba.

Tashar musaya mai sola a Madawa, wata a Buza, wata a Keita, wata a Tamaske, za su mayar da doguwar hanyar zuwa zango-zango da babban batir zai iya ci. Wannan aiki ne na masu jari, da ƙungiyoyin 'yan ci-rani da suka saba haɗa kuɗi don gina masallaci ko aji a garuruwansu, da kuma hukumomi irin su ANPER mai kula da kai wuta karkara.

Kafin ka turo kuɗin

Malamin makaranta, ma'aikaciyar jinya, ɗan tireda ko ɗalibi da ke zaune a cikin gari, mai mita a gida, wanda tafiyarsa ba ta wuce kilomita 20 zuwa 30 a rana, zai ji daɗin babur mai caji. Ɗan kabu-kabun cikin gari na iya cin riba in batirinsa litiyam ne kuma yana da na biyu. Wanda ke jigila tsakanin ƙauyuka, ko mai dakon albasa, ko gidan da babur ɗaya ne motar asibitinsu cikin dare, kada su rabu da mai fetur tukuna.

Mai niyyar saye ya nemi a turo masa hoton lambobin da ke jikin batir ɗin kansa, ya ninka V da Ah, ya raba da 45. Abin da ya fito shi ne kusan nisan da zai samu da fasinja. Ya tambayi irin batirin, darma ne ko litiyam, in litiyam ne wane iri. Ya tambaya ko ana ciro shi a shiga da shi ɗaki, da farashin sabo, da garin da ake samun sa. Ya duba girman taya da tazarar cikin babur daga ƙasa. Garantin baki ba garanti ba ne, a rubuta a takarda.

Masu tunanin riƙo batir daga waje su sani cewa kamfanonin jiragen sama ba sa barin fasinja ya ɗauki batirin litiyam da ya wuce Wh 160, na babur kuwa ya ninka haka sau da yawa. Sai dai ta jirgin ruwa ko ta mota, a hannun masu izinin dakon irin wannan kaya.

Abu na ƙarshe shi ne gwaji, domin gani ya kori ji. A cika batir, a ɗauki mutum biyu, a bi ainihin hanyar da babur ɗin zai riƙa bi, da rana tsaka, wani na biye da babur mai fetur. Inda ya tsaya, a duba kilomita nawa ya ci, a cire kashi ɗaya cikin biyar saboda tsufan batir. Dillalin da ya yarda da kayansa ba zai ƙi wannan gwaji ba.